Gurbin horo na Mongabay: ya dace da sabon ɗan jaridar kimiyya a Zariya?

Cikin guraben horo masu alawus da ake buɗe wa sababbin 'yan jaridar kimiyya, na Mongabay mai sunan Y. Eva Tan shi ya fi kusa da hannun ɗan Zariya. Mongabay kafar labaran muhalli ce da Rhett Butler ya kafa a 1999. Shirin na wata 6 ne, daga gida ake yin sa, babu biza babu kuɗin jirgi. Ana biyan dala 500 a wata, jimilla 3,000, ana kuma sa ran aikin awa 10 a mako da labari kusan ɗaya kowane wata. An ware shi ne don 'yan ƙasashe masu zafi da ba su da ƙarfin arziki sosai, kuma Najeriya na ciki.

Babbar ribarsa edita ce. Mafi yawan masu fitowa daga sashen koyon aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun iya rubuta labarin taro, amma ba su taɓa samun wanda zai dawo musu da rubutu ya ce "wannan adadin daga ina?" ba. A nan za a tambaya, kuma sai an kawo takardar binciken da lambar shafinta. Wanda ya jure wannan na wata 6, rubutunsa ba zai koma yadda yake ba.

Kayan aiki kuwa Zariya ta tara su. Akwai cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, ta binciken dabbobi NAPRI a Shika, ta wayar da kan manoma NAERLS a cikin jami'a, da ta binciken sinadarai NARICT a Basawa. A IAR aka samar da waken SAMPEA 20-T mai jure tsutsar maruka, wanda aka saki a 2019. Sai dai a kula: Mongabay muhalli take nema, ba sanarwar sabon iri ba. Idan ka rubuta "an fitar da sabon wake", za a wuce ka. Idan ka bi manoman Giwa ko Soba ka gano sau nawa suke feshi a da, sau nawa yanzu, da yadda hakan ya shafi ƙudan zuma da lafiyar mai feshin, to ka kama hanya. Haka batun yashi da ke cike madatsar Kubanni, da sare itatuwa don gawayi, da ruwan da masu noman rani ke ja daga Galma.

Inda aka fi faɗuwa wajen neman gurbin shi ne samfurin rubutu. Mutane na tura rahoton da suka kwafo daga takardar manema labarai, mai magana ɗaya, babu manomi babu masanin da ba ya cikin binciken. Labari guda mai majiya uku ya fi irin waɗancan goma. Sai barin cike takardu zuwa daren ƙarshe, ga wuta ba tabbas, ga intanet na yankewa. A rubuta amsoshi a wani wuri daban tukuna, sannan a liƙa.

Aibunsa a fili yake. Babu Hausa cikin harsunan aikin, don haka ƙwararren ɗan rediyon da manoma ke saurara kullum zai iya rasa gurbi saboda Turancin rubutu, kuma wannan asara ce ta gaske. Guraben kaɗan ne, masu nema daga nahiyoyi da yawa. Awa 10 kuma ba ta isa ga labarin da ke buƙatar zuwa ƙauye da jiran farfesa ya fito daga lacca. Ya kamata a buɗe asusun dala tun kafin a fara, don kada biyan farko ya maƙale.

Wanda ba muhalli ne ya fi jan hankalinsa ba, ya duba shirin horo na The Open Notebook, shafin koyar da aikin jaridar kimiyya, da gidauniyar Burroughs Wellcome ke tallafawa. Shi ma daga gida ake yi, amma a can kan sana'ar rubuta labarin kimiyya ake rubutu, ba kan binciken kansa ba, kuma mai nema da ya rasa gane haka shawarwarinsa ba za su karɓu ba. Shirin Knight na 'yan jaridar kimiyya da ke jami'ar MIT ta Amurka kuwa sai mai gogewar aƙalla shekara 3, don haka sabon shiga ya ajiye shi zuwa gaba.