Makarantar Katolika ta maza ta fara karɓar mata: ku kai 'yarku ko ku dakata?

A watan Satumba na 2020 makarantar Oratory da ke kusa da birnin Reading a Ingila ta karɓi 'yan mata a karon farko. Limamin Katolika John Henry Newman ne ya kafa ta a 1859, ke nan ta shafe shekara 161 maza zalla ne a ajujuwanta. Ba ita ta fara ba. Stonyhurst ta Jesuit, wata ƙungiyar limaman Katolika, ta gama komawa ta maza da mata a 1999, Ampleforth ta fara da manyan ɗalibai a 2002, Downside ta bi sahu a 2005. Iyalai da dama daga Najeriya, Kirista da Musulmi, na tura 'ya'yansu makarantun kwana na Ingila, don haka tambayar ta shafe mu: idan 'yarku ce, ina ya fi dacewa da ita?

Ku fara da sanin dalilin buɗe ƙofar. Kowace makaranta za ta ce tana son yara su tashi sun saba da juna kamar yadda rayuwa take a waje, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai sau da yawa lissafin kuɗi na nan a gefe. Makarantar da ke ɗaukar maza kaɗai ta rufe wa rabin yaran ƙasa ƙofa, iyaye kuma sun fi son wa da ƙanwa su kasance wuri guda. Ga shi tun Janairun 2025 gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin VAT na kashi 20 cikin ɗari kan kuɗin makarantu masu zaman kansu, cike gadaje ya ƙara wuya. Wannan ba laifi ba ne. Abin dubawa shi ne ko an shirya wa 'yan matan wuri tun kafin su zo, ko kuwa an kira su ne su cike gurbi.

A nan nake son mu daɗe. Makarantar da ta fara karɓar mata bara ko bana tana da fili, tarihi da malamai masu ƙwarewa, wani lokaci har da rangwame don jawo rukunin farko. Amma yarinya 'yar shekara 13 da ta tsinci kanta cikin mata uku a aji mai maza ashirin tana ɗauke da nauyin da ba a rubuta a takardar talla ba. Duk abin da ta yi, ido na kanta. Idan ta ɓata da ƙawa ɗaya, ta rasa rabin ƙawayenta. Ƙungiyar wasa ma ba za ta cika ba. Saboda haka kada ku tsaya a jimillar matan makarantar. Ku nemi adadin da ke ajin da za ta shiga, da adadin masu kwana a ƙarshen mako, domin 'yar da iyayenta ke Kano ko Abuja ba ta da gidan zuwa ranar Asabar. Ku nemi a nuna muku ɗakin kwanan da idonku: sabo ne aka gina musu ko tsohon na maza aka shafa wa fenti? Wace malama ce ke kwana a gidan, kuma shekara nawa ta yi tana kula da 'yan mata? Mata nawa ne cikin shugabannin makarantar? Idan an fara kame-kame wajen amsa, ku lura.

Batun tsaro kuwa ba a jin kunyarsa. A watan Agusta na 2018 kwamitin bincike mai zaman kansa kan cin zarafin yara a Ingila da Wales ya fitar da rahoto mai zafi kan Ampleforth da Downside, a 2020 kuma gwamnati ta hana Ampleforth ɗaukar sababbin ɗalibai, sai a 2021 aka janye hanin. An yi gyare-gyare tun daga nan, amma hakkinku ne ku karanta rahoton masu duba makarantu na baya-bayan nan kafin ku sa hannu, ko wace makaranta ce.

Zaɓi na biyu shi ne na mata zalla, irin su St Mary's Ascot, Woldingham da Mayfield. A can komai don yarinya aka tsara shi tun asali, ita ce shugabar ɗalibai, ita ce gwanar lissafi. Ga mai kawaici ko wadda ba ta taɓa barin gida ba, nan na fi nutsuwa da shi. Matsalarsa, samun gurbi a wasunsu akwai wuya, kuma idan kuna da namiji dole ku nema masa wani wuri daban.

Akwai tsaka-tsaki. New Hall da ke Chelmsford ta mata ce da ta fara karɓar maza, ta kuma raba ajujuwa daga shekara 11 zuwa 16, sannan a haɗu a shekaru biyun ƙarshe na A-level, wato karatun share fagen shiga jami'a. Ga iyalin da ke son 'ya'yansu a harabar guda ba tare da cakuɗa aji a farkon balaga ba, wannan tsari ya cancanci dubawa.

Iyaye Musulmi su tambayi abu huɗu a fili: shin halartar Mas, wato ibadar cocin Katolika, dole ne ga kowa, akwai naman halal, za a tanadi sahur a watan azumi, kuma kayan makaranta sun yarda da ɗankwali? A rubuce za ku nemi amsar.

Ni dai da 'yata ce, ba zan sa ta a rukunin farko tana 'yar 11 ko 13 ba. Zan jira sai matan farko sun kai ajin ƙarshe, ko in kai ta tana da shekara 16 ta yi A-level, lokacin da ta san kanta. Idan kuma kuɗin fam ya yi nauyi, Loyola Jesuit da ke Gidan Mangoro a Abuja da maza da mata ta buɗe tun 1996, St Louis ta Bompai a Kano kuma ta daɗe tana tarbiyyar 'yan mata.