Google ko Facebook: ina ya kamata ka fara zuba kuɗin talla?

Kafin ka fitar da kuɗi, amsa tambaya ɗaya: mutane suna neman kayanka da sunansa, ko sai sun gan shi sannan ransu ya biya? Yawancin asarar da masu kasuwanci ta intanet ke tafkawa a talla daga nan take somawa.

Wanda ya buɗe Google ya rubuta sunan batirin kwamfutarsa har da lambar samfurin ya riga ya yanke shawarar saye, mai sayarwa kawai yake nema. Idan irin wannan kaya gare ka, wato kayan gyara, littattafai, manhaja ko wata hidima da ake buƙata cikin gaggawa, injin bincike ne wurinka. Hanya biyu ce. Ta kyauta ita ce gyara shafinka ya dace da bincike, abin da ake kira SEO, kuma tana son haƙuri: Google da kansa ya ce sakamako kan ɗauki wata 4 zuwa shekara guda. Ka yi rajista da Google Search Console, dandalin da ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, ba a biyan komai, ka miƙa taswirar shafinka, wato jerin adiresoshin duk shafukan da ke ciki. Kowane kaya ya samu shafinsa, da cikakken suna a kanun shafin, da bayani a rubuce. Kada ka jibge bayanin a cikin hoto, injin ba ya dogara da shi. Ka rage nauyin hotuna kuma, domin ma'aunin Google shi ne babban abin da ke shafin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, kuma da sigar waya yake auna ka.

Ta biyun ita ce Google Ads, inda kake biya duk lokacin da aka danna tallarka. A nan kuɗi ke zurarewa shiru. Ka sa kalma mai faɗi kamar "takalmi", sai masu neman hotuna da masu neman yadda ake gyara su cinye maka kasafi. Duk mako ka duba rahoton kalmomin da aka rubuta kafin a danna tallarka, ka toshe irin su "kyauta" da "neman aiki".

Kafafen sada zumunta kuwa, mai zagayawa a cikinsu ba saye ya kawo shi ba, kai ne za ka tsayar da yatsansa. Sun fi dacewa da tufafi, kayan ado, da sabon abin da ba wanda ya san sunansa balle ya neme shi. Sai dai yawan mabiya ba yawan masu gani ba ne. Tun Janairun 2018 Facebook ya sanar zai fifita saƙonnin 'yan uwa da abokai a kan na shafukan kasuwanci. Instagram kuma ba ya bari a danna adireshin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto.

Idan za ka biya kuɗin talla a Facebook ko Instagram, fara ɗora Meta Pixel a shafinka, wato 'yar manhajar da ke sanar da su abin da baƙi suka yi a shafin, ka zaɓi saye a matsayin manufar tallar. Maɓallin haɓaka saƙo, wanda ake dannawa a biya domin saƙo ya kai ga ƙarin mutane, yakan tara maka masu yabawa ne, ba masu biya ba. Tsarin tallar Facebook yana buƙatar kimanin saye 50 a mako kafin ya gane irin mutanen da zai nuna wa tallar, don haka raba ƙaramin kasafi gida biyar yana hana shi koyo, haka ma yawan yi wa tallar gyara.

Akwai kuma batun daɗewa. Saƙo a kafar sada zumunta kwanaki kaɗan yake yi ya nitse, ana ma iya rufe asusunka dare ɗaya. Shafin da ya samu gurbi a Google kan yi watanni yana kawo mutane. Ko ta ina mai saye ya shigo, nemi izininsa ka adana imel ɗinsa.

In kana kokwanto, gwada duka biyun na kwana 30 da kasafi daidai wa daida. Sa alamar UTM, wato ɗan ƙarin rubutu a ƙarshen adireshi mai nuna tushen baƙo, a kowane adireshin talla domin Google Analytics, manhajar ƙidayar masu ziyartar shafi, ya nuna inda kowa ya fito, sannan ka raba abin da ka kashe da adadin waɗanda suka saya, ba waɗanda suka danna ba.