Injin Flocare Infinity don ciyar da yaro ta robar hanci cikin dare

Flocare Infinity na kamfanin Nutricia ƙaramin inji ne, bai kai rabin kilo ba, yana tura madara a hankali cikin robar hanci, wato siririyar robar da ake zurawa ta hanci zuwa cikin yaro, daga mililita 1 zuwa 400 a awa ɗaya. Idan likita ya ce mililita 400 cikin awa goma, sai a saita shi a kan 40, a danna maɓallin FILL SET iska ta fita daga tiyon da ke ɗauko madarar ta cikin injin, sannan a haɗa shi da robar hancin. Batirinsa na kai awa 24 in ana gudu a kan mililita 125 a awa, don haka ɗauke wuta da tsakar dare ba ya tsayar da ciyarwa. Wannan kaɗai ya sa muke yaba masa.

Ƙararrawarsa tana aiki sosai. In injin ya nuna OCC OUT, yana nufin toshewa a ɓangaren yaro, galibi ya kwanta a kan tiyon ko garin magani ya daskare ciki. A miƙe tiyon, a tura ruwa da sirinji mai ɗaukar mililita 20 ko fiye, domin ƙaramin sirinji na iya fasa robar. AIR kuwa madara ta ƙare ko kumfa ya shiga.

Amma ga inda ya kamata iyaye su buɗe ido: injin bai san inda bakin robar yake ba. Ko ta zame daga ciki ta nufi huhu, zai ci gaba da turawa shiru. Kafin a kunna, a duba lambar jikin robar da ke daidai hanci ko ta canza, a ja ruwan ciki kaɗan a ɗiga a takardar gwajin pH (ma'aunin tsami), sai 5.5 ko ƙasa ake ciyarwa. Hura iska a saurara da kunne ba gwaji ba ne. Magani irin omeprazole yana ɗaga sakamakon, a nan sai a tuntuɓi ma'aikaciyar jinya. In yaro ya yi amai, ko tari ya sarƙe shi, ko filastar da ke riƙe robar ta ɗago, a kashe injin nan take a sake gwadawa.

Tiyon dogo ne, kuma a Fabrairun 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta yi gargaɗi bayan irinsa ya naɗe wuyan yara biyu ya shaƙe su har lahira. A bi da shi ta cikin riga ya fita ta ƙafar wando, injin kuma ya zauna wajen ƙafafu. Mai kula ya kwana ɗaki ɗaya da yaron.

Tsadar injin a tiyon take: nasa kaɗai yake karɓa, kuma duk awa 24 ake canzawa. Madarar gari da aka dama ko nonon uwa kada su wuce awa 4 a rataye, balle da zafin bazara, wato dole a tashi sau ɗaya ko biyu a canza.