Na gwada shutil na Python wajen tsara hotunan biki

Sana'ata ɗaukar hoton biki da suna. Shekara shida ina juye hotuna a faifan ajiya babu tsari, folda cikin folda, har ta kai idan amarya ta aiko neman hoton kamunta sai in roƙi a ba ni kwana biyu. Ƙanena mai karatun kwamfuta ne ya ce, "Yaya, wannan ai aikin Python ne." Python yare ne na rubuta wa kwamfuta umarni. Muka zauna ya rubuta umarni bai fi layi talatin ba, da kayan aikin Python guda uku: pathlib ya bi kowace folda ya zaƙulo hotuna, Pillow ya karanta ranar da kyamara ta rubuta a jikin hoton, shutil.move ya kai kowanne foldar shekararsa da watansa. Kafin la'asar an gama. Kuma kyauta ne, Pillow kaɗai muka sauke daban.

Abin da ya fi kwantar min da hankali shi ne yadda shutil.move yake kwasa daga wannan faifai zuwa wancan. Sai ya kwafe fayil tukuna yake goge na asali. Ana tsakar aiki aka ɗauke wuta, na duba na tarar hoton da yake kai yana nan a mazauninsa, rabin kwafin kawai na share.

Sai dai akwai inda na ji jiki. Kyamarata tana sa wa hotuna suna daga IMG_0001 zuwa IMG_9999, sannan ta sake farawa, kuma ina aiki da kyamara biyu. Idan sunan foldar da za a kai hoto kaɗai ka ba shutil.move, ya tarar da fayil mai irin sunan, zai ƙi. Idan ko cikakken sunan fayil ka ba shi, kamar yadda muka yi, sai ya danne na farkon bai ce uffan ba, kuma ba za ka same shi a kwandon shara ba. Haka wasu hotunan wani bikin suna suka salwanta. Allah ya taimake ni maijegon tana da su a wayarta, amma kunyar zuwa roƙonta har yau ban manta ba.

Yanzu mun gyara. Kowane hoto ana liƙa masa rana da lokaci a gaban sunansa, kuma umarnin yakan fara nuna min jerin abin da zai kwasa ba tare da ya taɓa komai ba, sai na karanta na amince. Duk abokin sana'ar da ya tambaye ni ina ce masa ya yi amfani da shi, bayan ya ajiye kwafi a wani faifan daban.