Wuƙar dajin maigida ta yi wata 8 a kicin ɗina

Ana jibi babbar Sallah mariƙin wuƙata ya tsage ya rabu biyu, ga rago a ɗaure, ga baƙi a hanya. Maigida yana aikin rigakafin shanu ne, kullum yana cikin rugage, don haka yana da wata ƴar wuƙa da ba ya rabuwa da ita in zai shiga daji. Ya zaro ta daga jaka ya miƙo min ya ce, "Riƙe wannan kafin a sayo wata, amma ki kula da yatsunki." Yau wata 8 ke nan tana hannuna.

Ruwanta bai wuce santimita 10 ba, kaurin bayanta kamar milimita 3, mariƙinta na roba ne mai ɗan kaushi, ga kube na roba mai tauri. Ƙirar mutanen arewacin Turai ce. Garin Mora da ke Suwidin ya yi suna da irinta, tun 1891 ake da masana'antar wuƙa a can, mutanen Finlan kuma suna kiran tasu puukko. Tamu dai a wurin masu kayan gwanjo ya same ta. Asali don sassaƙa itace da gyaran kifi da naman farauta aka yi irin waɗannan wuƙaƙe.

A wajen nama ba ni da abin cewa sai yabo. Ranar Sallah da ita aka feɗe ragon, da ita na yi ta raba tsoka da ƙashi har la'asar ba ta dakushe ba. Tsininta yana shiga gaɓar kaza ya raba cinya ba tare da an sara ƙashi ya farfashe cikin miya ba. Hannu ya jiƙe da kitse ko santsin tarwaɗa, mariƙin ba ya suɓucewa. Wannan kaɗai ya sa na ƙaunace ta, don na taɓa yankewa da wuƙa mai mariƙin katako saboda santsi. Feren rake ma haka, da ɓare bawon rogo.

Inda muka fara saɓani shi ne doya. Na ɗora ta a kan katako na danna, wuƙar ta shiga kamar rabin inci ta tsaya, da na ƙara ƙarfi sai na ji ƙas, doyar ta tsage gefe guda. Karas ma haka yake yi, dankalin Hausa ma haka. Da na kalli bakinta da kyau sai na gane dalili: an wasa ta ne da faɗi guda ɗaya daga kowane gefe, daga kaifin sai kauri ya taso nan da nan. Wuƙar kicin siririya ce, tana ratsawa ta wuce, wannan kuwa buɗa abu take yi kamar yadda ake faskare. Kabeji na salak kuma ba ya fita siriri yadda nake so, kan kabeji ma ya fi tsawon wuƙar gaba ɗaya. Sannan ruwanta ba shi da faɗi, in kina yanka a kan katako ƙashin yatsunki ne zai riga kaifin taɓa katakon.

Sai dai mu da yawanmu ba a katako muka koyi yanka ba. Kuɓewa, albasa, attaruhu, alayyahu, a tafin hannu Inna ta koya mana, kwano yana ƙasa yana tara. A nan gajartarta ta zama alheri, tana juyawa a hannu ba nauyi. Amma kaifinta ya wuce na wuƙaƙen da muka saba karawa da babban yatsa. Na hana ƴata taɓa ta, ni ma na daina tare kaifin da yatsa.

Ƙarfenta ba irin wanda ba ya tsatsa ba ne. Wata rana na yanka tumatir da lemun tsami, aka yi sallama na fita, kafin in dawo ta yi ɗigo-ɗigon ja. Toka da ɗan tsumma suka fitar. Tun daga nan ina gamawa nake wankewa, in goge ta bushe, in shafa ɗigon man gyaɗa. Yanzu ta yi launin toka-toka, wannan ba tsatsa ba ne, yana ma rage mata saurin kamuwa. Wasa ta kuma ba wuya: a kwantar da faɗin bakin nan a kan dutse, shi zai nuna wa hannu yadda za a riƙe.

Abin da ya fi damuna kuben ne. In aka mayar da wuƙa da jinin nama ko ruwan kifi, can ƙasa yake taruwa inda hannu ba ya kaiwa, gobe kuma a zaro a yanka kankana da ita. Ruwan zafi da sabulu nake ɗura masa, in kife shi a rana.

Bayan Sallah da mako biyu na sayi doguwar wuƙa siririya, ita ke yin doya da kabeji. Nama da kifi da kaza kuwa har yanzu ƴar ƙaramar nake ɗauka. Da maigida zai koma daji ya tambaye ta, na ce, "Baban yara, sai dai ka nemi wata." Ya nemo, wannan karon mai ƙarfen da ba ya tsatsa, ya ce idan ya dawo in gwada ta da lemun tsami.