Asibitin da na je kan faɗuwar gaba

Wallahi wata uku ina fama, ina zaune a shago haka kawai zuciya ta hau dukan uku-uku, gumi ya karyo, yatsu su yi sanyi, har shahada nake yi. Gwajin zuciya kuma lafiya lau. Yaya ne ya ja ni ɓangaren ƙwaƙwalwa na wani asibiti nan Kano, ina ta noƙewa kar a ce na zare. Likitar ba ta da gaggawa sam, ta ce firgici ne, yawanci cikin minti 10 yake kai ƙarshen ƙarfinsa sannan ya lafa. Ta koya min jan numfashi in ƙirga 4, in sauke a hankali in ƙirga 6, kuma in rage kofi. Layin kati kam sai haƙuri, tun 7 na safe sai azahar na shiga.