Tsohon Littafi a Sabon Fim: Yadda Za Ka Zaɓi Fim ɗin Soyayya na Talabijin Kafin Ka Kashe Kuɗinka

Gidajen talabijin na Amurka da Ingila sun daɗe suna ɗauko littattafan Jane Austen da wasannin Shakespeare suna mayar da su finafinan soyayya da barkwanci na wannan zamani. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Marubutan sun daɗe da mutuwa, babu magajin da za a biya kuɗin haƙƙin mallaka, kuma sunan Darcy, jarumin littafin Austen mai suna Pride and Prejudice, shi kaɗai a jikin fim ya isa ya jawo masu kallo. Shi ya sa finafinan suka yi yawa, masu kyau da na banza duk a rumfa ɗaya. Mai son sayen faifai ko biyan kuɗin kallo ta intanet yana buƙatar ma'auni, in ba haka ba sunan littafi zai saya, ba labarinsa ba.

Ma'aunin da ya fi aiki tambaya ce guda: me ya hana auren, kuma da me aka maye gurbinsa? A Pride and Prejudice, wanda ya fito a 1813, Mista Bennet yana da 'ya'ya mata biyar, babu namiji. Gidansa da gonakinsa, masu kawo fam 2,000 a shekara, an ɗaure su da sharaɗin gado cewa namiji ne kawai zai gaje su. Ranar da ya mutu, wani ɗan'uwansa mai suna Collins ne zai kwashe komai, matar da 'ya'yan su nemi wurin zama. Saboda haka rawar jikin da uwar take yi kan aurar da su ba hauka ba ne, tsoron talauci ne. Lokacin da Elizabeth, ɗaya daga cikin 'ya'yan, ta ƙi Collins, sannan ta ƙi Darcy mai samun fam 10,000 a shekara, da rufin asirin gidansu ta yi caca. To, budurwar Amurka ta yau mai digiri da albashi, in ta ƙi attajiri me ta rasa? Ba komai. Marubucin da bai samo wani matsi na zamani ya sa a wannan gurbin ba, fim ɗinsa zai fito da mutum biyu suna harar juna na awa ɗaya babu dalili. A nan ake rarrabe su.

Finafinan Hallmark

Hallmark tashar talabijin ce ta Amurka. Finafinanta su suka fi yawa, kuma su ne za ka fara cin karo da su. Tsarinsu ɗaya ne: kimanin minti 84, domin an yanka su ne su cika awa biyu tare da tallace-tallace, shi ya sa za ka ga hoto yana dushewa kowane 'yan mintuna ko da babu talla a faifan. Yawanci cikin mako uku ake ɗaukarsu, da yawa a Kanada. Babu zagi, babu tsiraici, abin da ya fi tsanani shi ne sumba, galibi a ƙarshe.

Unleashing Mr. Darcy na 2016, da Cindy Busby da Ryan Paevey, ya kai labarin wurin gasar karnuka a New York. Elizabeth malamar makaranta ce da aka dakatar daga aiki, Darcy kuma alƙalin gasar. An ɗan yi ƙoƙari a nan, tunda rasa aikin ya ba ta dalilin jin haushin masu kuɗi. Sai dai a sani, daga farko har ƙarshe karnuka ne a hannu, a kan kujera, a cikin ɗaki, kuma ba kowane mai kallo ne zai jure hakan ba. An yi masa ci gaba a 2018, Marrying Mr. Darcy, wanda shirin biki ne kawai. Kada ka saye shi kana zaton za ka sami Austen a ciki.

A 2018 ɗin dai aka fitar da Pride, Prejudice, and Mistletoe, inda aka juya al'amarin: Darcy mace ce, Lacey Chabert ta fito a matsayinta, 'yar kasuwar hannun jari da ta koma garinsu hutun Kirsimeti. Dabarar tana da kyau a takarda, amma a fim ɗin babu girman kai babu raini, mutanen kirki ne biyu suna shirya taron tara kuɗin agaji. Haka ma Christmas at Pemberley Manor na wannan shekarar, da Sense, Sensibility and Snowmen na 2019. Sunaye aka aro aka liƙa wa labarin Kirsimeti da Hallmark ta saba yi. Wanda bai taɓa karanta littafin ba, ba zai rasa komai ba, wanda ya karanta kuma ba zai sami komai ba.

To wa ya kamata ya saya? Wanda yake son abin kallo mai sauƙi bayan gajiyar aiki, da mai koyon Turanci, domin maganarsu a hankali take kuma babu karin magana mai wuya. Guda ɗaya ya isa. In ka sayi tarin da ake haɗa finafinai shida ko tara a kwali ɗaya, kafin ka kai na uku za ka iya faɗin abin da zai faru a minti na saba'in: rashin fahimta, kuka, sai sulhu.

Na Lifetime

Pride & Prejudice: Atlanta na 2019, na tashar Lifetime ta Amurka, ya fi na Hallmark riƙe ƙashin labarin. An kai shi cikin baƙaƙen fatan Amurka a birnin Atlanta. Reginald VelJohnson ne uban, limamin coci, Jackée Harry kuma uwar, wadda ta rubuta littafi kan yadda mace za ta sami miji alhali 'ya'yanta biyar suna zaune a gida. Wannan dabara ce mai kyau, don ta sa abin kunya da surutun jama'a a gurbin sharaɗin gado. An bar 'yan'uwan mata biyar ɗin cif, ba a rage su zuwa ɗaya ko biyu ba kamar yadda masu tsimin kuɗi suke yi. Rauninsa gaggawa ce. Littafi mai babi 61 ba ya shiga awa ɗaya da rabi sai an matse shi, don haka sauyin zuciyar Lizzie, wato Elizabeth, yana zuwa da wuri fiye da kima. Duk da haka, mai kallon da ya san gidan da ke cike da 'yanmata da uwa mai ƙirga shekarunsu zai gane kowa a ciki tun daga fitowar farko.

Na BBC, wanda ya fi su duka rubutu

A Nuwamban 2005 BBC ta nuna finafinai huɗu da sunan ShakespeaRe-Told, kowanne kimanin minti 90. A faifai tare ake sayar da su, kuma a ganina nan ne kuɗi ya fi yin daraja, ko da yake ba duka huɗun ne barkwanci ba. Macbeth ɗin ciki, wanda James McAvoy ya fito a matsayin mai dafa abinci a wani babban gidan cin abinci, labarin kisa ne da jini. A ajiye shi sai yara sun yi barci.

Much Ado About Nothing shi ne gwarzon tarin. David Nicholls ya rubuta shi, ya mayar da Beatrice da Benedick, jaruman wasan, masu karanta labarai a wani ƙaramin gidan talabijin, tsofaffin masoya da aka tilasta su zama kujera ɗaya suna murmushi a gaban kyamara suna cizon juna in an kashe ta. Sarah Parish da Damian Lewis ne suka fito. Dubi yadda aka warware matsala ɗaya: a wasan asali, abokai suna yaudarar Benedick ta hanyar yin hira a lambu don ya laɓe ya ji cewa Beatrice na sonsa. A nan na'urorin sauti na ɗakin watsa labarai ne suka yi aikin lambun. Sannan marubucin bai ji tsoron sauya ƙarshe ba. Shakespeare ya sa Hero ta koma ta auri saurayin da ya yi mata ƙazafi a gaban jama'a ranar ɗaurin aure. A fim ɗin 2005, Billie Piper ce Hero, kuma ba ta koma masa ba. Mai kallo na yau ba zai yarda da wancan sulhun ba, marubucin kuma ya san haka.

The Taming of the Shrew, rubutun Sally Wainwright, ya fi wuyar sha'ani, don asalin wasan labarin miji ne da ya horar da mace mai tsiwa ta hanyar hana ta abinci da barci. Aka mayar da Katherine 'yar majalisar dokoki mai neman shugabancin jam'iyya, aka ce mata sai ta yi aure jama'a za su so ta. Shirley Henderson, ƙaramar mace mai masifa kamar ta ci babu, da Rufus Sewell, ɗan sarauta da bashi ya ci. Akwai dariya sosai, amma akwai maye, akwai maganganun ɗaki, kuma ango ya zo wurin ɗaurin aure cikin kayan mata. Ba fim ɗin kallo da surukai ba ne.

Na huɗun, A Midsummer Night's Dream, an kai shi wani wurin shaƙatawa a daji, kuma shi ya fi rauni, aljanun ciki ba su zauna daidai da zamani ba. Ɗaliban da suka karanta wannan wasan a manhajar adabi ta WAEC su lura: an jefar da baitocin Shakespeare gaba ɗaya an sa Turancin yau. Zai taimaka wajen gane wa ke son wa, amma ba za a amsa tambayar jarrabawa da shi ba.

Masu dogon zango

Lost in Austen na gidan ITV, 2008, kashi huɗu ne. Amanda Price, budurwa a London da ta haddace Pride and Prejudice, ta sami ƙofa a banɗakinta ta faɗa cikin gidan su Bennet, Elizabeth kuma ta tsallako zamaninmu. Jemima Rooper ce Amanda. Duk dariyarsa tana kan yadda take ɓata labarin tana ƙoƙarin gyara shi, don haka wanda bai san asalin ba rabin daɗin zai wuce shi. A fara karanta littafin, ko a kalli wani fim da ya bi shi sau da ƙafa. Hallmark ta yi irin wannan dabarar a An American in Austen a Fabrairun 2024, mai tsabta amma mara yaji. Abin lura ga mai sayen faifai: bugun Amurka na Lost in Austen an yanke masa wurin da Amanda ta rera wata waƙa, saboda haƙƙin mallakar waƙar. Bugun Ingila ya fi.

Selfie na gidan ABC, 2014, sabunta wasan kwaikwayon Pygmalion ne na George Bernard Shaw, da Karen Gillan da John Cho. Yarinyar da ta shahara a intanet amma ba ta da aboki ko ɗaya ta nemi a koya mata mu'amala da mutane. Kashin farko-farko ba su da daɗi, daga baya ya gyaru sosai, sai aka soke shi a kashi 13. Ka shiga da sanin cewa soyayyar ba ta kai ƙarshe ba.

Wanda kuma ba ya son kashe ko sisi ban da data, The Lizzie Bennet Diaries yana YouTube kyauta. Ba a talabijin aka nuna shi ba, amma ya ci kyautar Emmy a 2013, kuma ya fi kowa amsa tambayar da muka fara da ita. Lizzie ɗaliba ce da bashin karatu ya danne, gidansu na fuskantar matsin kuɗi, Collins kuma ba aure ya zo nema ba, aiki ya yi mata tayi, ta ƙi. Nan take ƙin nata ya zama mai tsada. Kashi 100 ne gajeru, ba a ga fuskar Darcy ba sai wajen kashi na 60. Labarin Lydia, ƙanwar Lizzie, yana wata tasha daban, don haka a nemi jerin da ya haɗa duka bisa tsari, in ba haka ba rikicinta zai faɗo maka babu shiri. Rikicin kuwa na bidiyon batsa ne da saurayi ya so sayarwa, ba a nuna komai ba amma ana maganarsa a fili.

Abin dubawa kafin biyan kuɗi

Faifan DVD na asali yana da lambar yanki a bayan kwali, cikin ɗan hoton duniya. Amurka da Kanada yanki na 1 ne, Ingila da Turai na 2, Najeriya da Nijar da Gana kuma na 5. Na Hallmark da Lifetime galibi na 1 ne, na BBC da ITV kuma akwai bugun 2 da na 1. Yawancin ƙananan na'urorin da ake sayarwa a kasuwanninmu suna karanta kowane yanki, amma manyan kamfanoni kan kulle nasu. Kwamfuta ta fi tsauri: sau biyar kawai take barin a sauya yanki, daga nan ta kulle a kan na ƙarshe. Mai faifan Amurka da na Ingila da ke sauyawa yau da gobe zai wayi gari rabin faifansa ba sa buɗewa. Faifan Amurka kuma tsarin NTSC ne, mu PAL muke amfani da shi. Talabijin na bango ba ruwansa, amma tsohon mai ƙeya yana iya nuna hoton fari da baƙi ko yana birgima.

A duba ko akwai rubutun magana a ƙasan hoto. Ga na Hallmark ba dole ba ne, ga na Ingila kuwa wajibi ne, don 'yan wasan suna magana da sauri kuma barkwancin a bakin yake. Faifan jabu da ake cusa finafinai ashirin a ciki yawanci an cire wannan rubutun, an matse hoton har fuska ta zama dishi-dishi, wani lokaci sauti yana gaba baki yana baya.

Ta intanet kuma, kada ka biya kuɗin wata sai ka tabbatar fim ɗin yana buɗewa a ƙasarka. BBC iPlayer na mazauna Birtaniya ne, Hulu na Amurka, kuma jerin finafinan kowane dandali yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Ka rubuta sunan fim ɗin a wurin bincike tukuna. Sai lissafin data: a ma'aunin Netflix, matsakaicin hoto yana cin kusan gigabait 0.7 a awa, mai kaifi kuma har gigabait 3. Fim mai minti 84 ke nan zai ci kusan gigabait 1 a matsakaici, ko sama da 4 a mai kaifi. Waɗannan finafinai hira ce a ɗakuna da ofisoshi, babu abin da hoto mai kaifi zai ƙara musu a fuskar waya, don haka a sa matsakaici, a sauke da dare lokacin da data ta fi araha.